Burtun Baba da Ƙwayar Boris

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara wannan ƙarar da suke yi yanzu ba, na taɓa yin wani abu a dajin bayan garinmu, can wajen Furana, wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Shekaranjiya wani a cikinku ya sa hoton zabin daji yana tambaya ko har yanzu ana samunsu a yankinmu, shi ne abin ya dawo min sabo fil. Na ce bari dai in faɗa. Wanda na yi wa ya daɗe da yafewa, wanda kuma na fi jin nauyinsa a kan maganar ya riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, manomi ne kamar kowa, amma da zarar an yanke dawa an kai gida to ya zama maharbi. Ba ya bin manyan namun daji, shi tsuntsu ne nasa, zabin daji da fakara. Kuma yana da kan burtu. Ga waɗanda suka tashi a birni, burtu wani babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa, zabin daji ba sa tsoronsa ko kaɗan. To sai maharba su sassaƙa itace da siffar kansa da wuyansa, su rufe da fata, mutum ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai caccakar ƙasa, har ya shiga jikin garken zabi ba su ankara ba. Namu na kakana ne. Idanunsa na 'ya'yan idon zakara ne, jajaye, igiyar da ake ɗaurewa kuwa ta yi baƙi ƙirin da gumin mutum biyu.

Tun ina ƙarami nake kallonsa a rataye a jikin bangon ɗakin Baba. Ni kaɗai ne namiji a gidan, saboda haka ban taɓa tambayar kaina wa zai gaje shi ba. Nawa ne, magana ta ƙare. Jira kawai nake.

Sai kuma abokina. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, mahaifinsa ya rasu muna yara, shi ya sa rabin rayuwarsa a tsakar gidanmu ya yi ta. Kwano ɗaya muka ci, allo ɗaya aka doke mu a kai. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya yi shiru kamar zai ba da fatawa. Ni kuwa, to, kun dai san ni. Baki akwai, gaggawa akwai. Da muka girma shi ya tsaya a noma, ni na buɗe rumfar gyaran keke da babur a bakin titi, amma da kaka ta yi dukkanmu muna bayan Baba da bindigoginmu na ɗuri.

A nan ne nake da wani abin alfahari. Sauran maharba in za su ɗura bindiga, bayan albarushi sai su zuba yankakkiyar ƙusa ko gutsattsarin ƙarfe. Ni kuwa tunda ga rumfa, sai in tara tsofaffin ƙwayoyin boris na keke, 'yan dunƙulallun ƙarafan nan na cikin ƙafa, in wanke su da kananzir su yi ƙyalli, su nake ɗurawa. Kuma ban bar kowa ya huta ba. A majalisa, a bakin masallaci, a kasuwa, sai na ce, “Ni harsashina ba irin naku ba ne, nawa ɗan kamfani ne, ba ya karkacewa.” Babu wanda bai san boris ɗina ba, har waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Gaskiya na iya harbi, wannan ba yabon kai ba ne. Fakara ta tashi fir daga cikin ciyawa, kafin ta miƙe na sauke ta. Abin da ban iya ba shi ne jira. Ranar da Baba ya fara ɗaura min burtu don gwaji, ban yi rarrafe taku ashirin ba cinnaka ya cije ni a cinya, na kai masa mari tas. Zabin suka ɗaga kai, suka ga burtu mai hannu, suka watse. Baba dai ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Washegari ya ɗaura wa abokina. Jama'a, mutumin nan ya shafe kusan awa guda a tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa bakin rijiya ba. Ya matsa kaɗan, ya tsaya, ya caccaki ƙasa, ya juya musu baya ma kamar bai damu da su ba. Ni ina ɓoye a bayan sabara har hamma na yi. Ƙarshe zabin ne da kansu suka taho wajensa. Na dubi fuskar Baba na ga yana murmushi, irin murmushin da ban tuna ya taɓa yi wa harbina ba. Daga ranar wani abu ya fara ci na a ciki.

Shekara biyu bayan haka, wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure mu uku, Baba ya tashi ya shiga ciki ya fito da burtun a hannu. Don murna har na gyara zama. Sai ya wuce ni ya ajiye shi a cinyar abokina.

Ya ce, “Ungo. Gwiwata ta ƙi, ba zan ƙara rarrafe ba. Kar ka bari ya kwana a ƙasa, gara tana son fatar nan.”

Abokina ya rikice, ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, “Baba, ai ga mai shi nan.”

Baba ya ce, “Na gan shi. Kai na ba.”

Ni kuma bakina ya ce, “Madalla, Allah ya sanya albarka.” Wallahi ban san inda na samo kalmomin ba.

Daga baya na same shi shi kaɗai na ce, “Baba, laifin me na yi?” Ya ce, “Ba ka yi laifi ba. Kai bindiga kake so, kuma ka iya ta. Burtu ba ya son mai sauri.” Ya ci gaba da gyaran igiyar akuyarsa. Shi a wurinsa an gama magana.

To ni a wurina a ranar aka fara. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, hassada na yi, baƙar hassada. Abokina ya fita da safe ya dawo da zabi uku, wani lokaci huɗu. Ni in yini ina zagaye in dawo da fakara ɗaya, ita ma rabinta boris ne. Kuma abin haushin, duk abin da ya samo sai ya fara kawowa gidanmu, ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba ya zaɓa. Mahaifiyata ta yi farfesu gida ya ɗauki ƙamshi, a miƙo min in ce haƙorina ke ciwo. Wata biyu cur haƙorin nan yana ciwo. Wata rana Inna ta dube ni ta ce, “Ikon Allah, wannan wane irin haƙori ne da yake cin rake, yake cin gyaɗa, amma ba ya cin zabo?” Na tashi na bar mata wurin.

Wanda ya fi ƙona min rai a kasuwar Makarfi ya faru. Mun je tare, shi da zabinsa ni na je sayen kayan gyara. Wani dattijo daga Nasarawan Doya wanda ya san Baba tun suna samari ya tare mu, ya riƙe hannun abokina yana ta sa masa albarka, wai ya ji labari, tsoho ya bar magaji. Sai ya juyo gare ni ya ce, “Kai kuma fa? Kai ne abokin ɗan nasa?” Abokina ya yi saurin cewa, “A'a Baba, ai shi ne ɗan, ni maƙwabci ne.” Dattijon ya ce, “Af, to, to, Allah ya yi albarka,” ya koma kan hirar zabi. Tun daga Makarfi har gida shi yana bayan babur ɗina da kwandonsa, ni ina ta faɗawa ramuka da gangan.

A cikin wannan hali maiɗakina ta haihu, ɗanmu na fari. Kwana biyu da haihuwa abokina ya zo rumfata da rana, ya zauna a kan benci, ya ce ya gano wani babban garke a fadamar da ke bayan gonakin rake, suna sauka kiwo ƙarƙashin wata ɗorawa da sassafe. Ya ce, “Gobe in Allah ya kai mu zan shiga musu. Mai jego tana buƙatar romo.”

Kun ji fa. Alheri mutumin nan ya zo da shi. Amma abin da kunnena ya ji shi ne, har naman jegon matata ma wani ne zai kawo, kuma da burtun ubana. Na ce masa, “Allah ya ba da sa'a,” na ci gaba da ɗaure ƙafar keken da na riga na ɗaure.

Akwai wata ƙa'ida ta maharban wajenmu da ya kamata ku sani. Mai burtu a durƙushe yake cikin ciyawa, a jikin tsuntsaye, kuma duk ƙoƙarinsa shi ne kada a gane mutum ne. Saboda haka duk wanda zai shiga da burtu, sai ya kama kan ciyawar gamba a bakin hanyar wurin ya ƙulle, ya soka gashin zabo a cikin ƙullin. Duk maharbin da ya zo ya ga wannan, komai yunwarsa, juyawa zai yi. Ba a tsallake ƙulli da bindiga. Wannan shi ne abu na farko da Baba ya koya mana, tun kafin ya bari mu taɓa albarushi.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗura bindiga na hau babur. Na ajiye shi a bakin gonakin rake na taka. Gari ya fara haske lokacin da na iso bakin fadamar, ga ƙulli nan a gabana, sabo, raɓa a jikinsa, gashin zabo a soke. Na tsaya na kalle shi. Ba zan ce ban gani ba, har taɓa shi na yi.

Ga lissafin da na yi, don ku ga yadda hassada ke mayar da mai hankali wawa. Na ce mutumin nan ai nawa gare shi, yanzu yana can nesa yana caccakar ƙasarsa. Bari in zagaya ta gabas, in riga shi isa, in harba. In na samu biyu na kai gida da hannuna, sauran su watse, shi kuma yau ɗaya dai ya koma hannu wofi ya ji yadda ake ji. Iyakar nufina ke nan, Allah shi ne shaida. Ban yi niyyar taɓa lafiyarsa ba. Amma na ɗaga ƙafa na tsallake ƙullin.

Na lallaɓa ta cikin kalgo har na hango ɗorawar. Ga su nan kuwa, garke guda, sun baje suna kiwo hankali kwance. Ban taɓa ganin zabi masu yawa haka kusa da ni ba. Na durƙusa na ɗaga bindiga. Can bayansu, a gindin wani kalgo, na ga wani abu baƙi. Ya ɗan sunkuya ya ɗago.

Nan ne wurin da na fi jin kunyar faɗa. Na gan shi. Ni da na tashi ina kallon burtun nan a bango, na ce wa kaina kututture ne iska ke kaɗa ciyawar gabansa. Zuciyata ba ta so ya zama shi ba ne, saboda in shi ne to ya riga ni ke nan, kamar kullum. Na danna kunama.

Ƙara ta cika fadamar, hayaƙi ya rufe min ido, zabi suka tashi fur-fur-fur ta ko'ina suna kuka. Ɗaya ya faɗo yana birgima. Sai na ji murya daga gindin kalgon, ba da ƙarfi ba ma, ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ban san lokacin da na yar da bindiga ba. Na same shi a kishingiɗe, burtun ya karkace a goshinsa, jini yana zuba daga kunnensa na hagu ya jiƙa wuyansa, kafaɗar zanen ma ta jiƙe. Na yi ta fama da igiyar burtun na kasa kwance ta. Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Kai ne?”

Na ce, “Ni ne.”

Ya ce, “Ba ka ga ƙulli ba?”

Na kau da kai. Can sai ya nuna da haɓa ya ce, “Je ka yanka zabon can kafin ya mutu, kar a yi asara biyu.”

Haka na je na yanka zabo ina kuka kamar ƙaramin yaro, na dawo na goya abokina har bakin rake. Da ya hau bayan babur yana riƙe da ni da hannu ɗaya, ban faɗa rami ko ɗaya ba.

Gidan wanzamin garinmu muka fara zuwa. Ya duba ya ce Allah ya taƙaita, an gutsure saman kunne, sai ƙwaya huɗu da suka shiga naman kafaɗa, ba su yi nisa ba. Yana ciro su ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa a kan tsumma, duk jini ya rufe su. Kafin ya kai hannu ya wanke, abokina ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dunƙule tsumman ya tura a aljihu, ya ce zai ajiye na tarihi. Daga nan na kai shi asibiti a Ikara aka yi masa allura aka ɗinke kunnen.

Kafin mu dawo gari ya ɗauka. Mutane suka cika ƙofar gidansu, kowa yana tambayar wa ya yi wannan aika-aika. Abokina ya ce wani baƙon maharbi ne, bai ga fuskarsa ba, ya harba ya gudu. Ya ce Allah ne ya sa ina kusa na ji ƙara na zo. Sai jama'a suka juyo kaina da sa albarka. Wannan ya ce abota ke nan, wancan ya ce da ba don kai ba. Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna tana hawaye tana min addu'a. Na tsaya ina amsa amin, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kuma bari in gaya muku wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. A cikin wannan kunyar ma hassadar ba ta sake ni ba. Ina kallonsa a kwance da bandeji yana rufa min asiri, wata zuciyar tana ce min, ka gani ko, har a kirki ma ya fi ka. Kai, Allah ya raba mu da mugun ciwo.

Baba ya zo ya duba shi, ya yi masa sannu, ya saurari labarin baƙon maharbi har ƙarshe. Da zai tafi sai ya ce a ba shi burtun ya ga ko ya yi lahani.

Ana gobe suna Baba ya aiko Inna ta kira ni. Gidan cike da mata ana ta daka, na ratsa su na shiga ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu, burtun a cinyarsa, basilla a hannunsa, ga wata 'yar tasa a gefe. Na gaishe shi ya amsa, ya ce in sako labule in zauna. Ya juya min burtun ya nuna wani ƙaramin rami a gindin wuyan, daidai inda itacen ke zama a kan goshi. Ya sa basilla yana ƙwaƙula a hankali, ba ya sauri. Ni kuwa zufa har cikin idona. Can abu ya fito ya faɗa cikin tasar, ƙwal, ya yi ta zagaye yana ƙyalli kafin ya tsaya.

Baba ya ɗauka ya duba. Ya ce, “Baƙon nan ashe shi ma mai gyaran keke ne.”

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, “Miƙo hannunka.” Na miƙa, ya sa min ƙwayar boris ɗin a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kanta. Sannan ya ɗora yatsansa a tsakiyar goshina ya ce, “Nan za ta shiga. Ɗan itacen nan da kake ta fushi a kansa, shi ya tsaya tsakaninka da ɗaukar rai. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka ga ƙullin?”

Na ce, “Na gani, Baba.”

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, “To. Gara da ka faɗa.”

Sai abin da ke cikina tun shekara da shekaru ya fito da kansa. Ina kuka na ce, “Baba, ni ne fa ɗanka.”

Ya ce, “Na sani. Shi ya sa na kira ka ɗaki, ban kira ka zaure ba.”

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara tayar da maganar ba. Abin da ya yi kawai, ya ɗora min burtun a cinya ya ce, “Hannunka ya iya gyara. Ka toshe ramin, ka sake fatar wurin, ka kai masa da kanka.”

Bayan suna na zauna da burtun a rumfa kwana biyu. Na fere itace na cike ramin, na samo fatar akuya na ɗinke, na mayar da idon zakara guda da ya faɗi. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba, kuma shi ne karo na farko da burtun ya kwana a hannuna. Rana ta uku na naɗe shi a zane na shiga gidansu. Yana zaune a inuwa da kafaɗa a ɗaure. Na ajiye a gabansa na ce Baba ya sani, kuma na zo neman gafara.

Ya buɗe zanen ya shafa wurin gyaran, ya ce, “Kai, aikin ya yi kyau.” Sai ya turo min shi. Ya ce, “Riƙe abinka. Dama na gidanku ne. Ni tun ranar da aka ba ni ban ji daɗinsa ba. Ka ɗauka ban san ciwon haƙorin nan naka ba?”

Jama'a, ga abin da na yi shekaru ina mafarki, a gabana, mai shi da kansa yana miƙo min. Kada in yi muku ƙarya, na so in ɗauka. Hannuna har ya motsa. Amma ina ɗaga ido sai na ga kunnen. Na ɗauki burtun na mayar masa a cinya na ce, “Baba kai ya ba.” Sai ya ce, “To ka dinga cin naman.” Na ce zan ci. Muka yi dariya, shi yana riƙe da kafaɗa saboda zafi.

Zabon da na yanka ranar kuwa, mai jego ta shanye romonsa tas, tana ta yaba min wai na fara abin kirki. Sai da yaron ya shiga makaranta na iya gaya mata yadda aka yi.

Yanzu an daɗe. Dajin nan duk ya zama gona, ɗorawar ma an sare ta, sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji kukan zabin daji. Da Baba ya rasu, bayan an share makoki abokina ya sake kawo burtun gidanmu ya ce a haɗa da kayan gado. Na ɗauka na mayar masa a karo na biyu, na ce in ya ƙara kawowa za mu ɓata. Yana nan a bangon ɗakinsa, kuma bai taɓa barinsa ya kwana a ƙasa ba. Shi ma furfura ta fito masa, hularsa kullum a karkace take ta ɓangaren hagu don babu abin da zai tare ta. In yara suka tambaye shi me ya sami kunnensa, har gobe cewa yake wani baƙo ne.

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Har yau in muna zaune wani ya kira shi magajin Baba, sai na ji ɗan tsinke ya soke ni a ƙirji. Bambancin kawai yanzu na san muryar abin. Na gane cewa hassada ba ta zuwa ta ce maka je ka cuci wane. Cewa take yi haƙƙinka ne, an danne ka, ɗan tsallaka kaɗan ba komai. Ni dai ta sa na kalli abokin da muka ci kwano ɗaya na kira shi kututture. Kuma Baba ya yi gaskiya tun farko, abokina ya fi ni iya burtu nesa ba kusa ba. Wannan 'yar maganar da na rubuta yanzu a layi ɗaya, sai da na zubar da jinin mutum kafin bakina ya iya faɗarta.

Bindiga kuwa tun ranar ban ƙara ɗura mata boris ba, daga baya ma na jingine ta gaba ɗaya. Amma waccan ƙwayar tana nan. Tana cikin wani ɗan gwangwanin man shafawa a aljihun teburin rumfata, ita kaɗai, ba na haɗa ta da sauran. Rannan ɗana, wanda aka yi wa wancan sunan, yana neman sukudireba ya ci karo da ita, ya girgiza gwangwanin ya ce, “Baba, wannan tsohon boris ɗin fa, in zubar?”

Na ce, “Mayar min da shi inda ka gan shi. Kakanka ne ya ba ni da hannunsa.”